Ranar da Aka Bar wa Ma'azu Fili

Tun Ma'azu yana saurayi a Maraɗi yake rataye da kalangu a bayan Sharhabilu mawaƙi, kuma ƙa'ida ɗaya ta zauna masa a jini: in maigida ya ɗaga murya ka bi shi, in ya yi shiru ka kama hannunka. A wurinsu, makaɗin da ya ci gaba da kiɗa bayan maigida ya tsaya marar kunya ne mai neman a kalle shi. Da Allah ya yi wa Sharhabilu rasuwa ƙungiya ta watse, Ma'azu ya biyo wani ɗan'uwansa zuwa Alƙahira, suna ɗaure kayan 'yan kasuwa masu aikawa Nijar. Kalangu ya koma saman kwaba a ɗakinsu na unguwar Faisal, ba a sauke shi sai Hausawa na da suna ko aure.

A wajen wani suna a unguwar Arba wa Nus Baba Munzir ya ji shi. Baba Munzir Bahaushen Sudan ne, tsoho siriri mai farin gemu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana busa saksafon, ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa, a manyan otal na Khartoum kafin yaƙi ya koro shi Masar. Ya tsaya har aka watse, sannan ya riƙo hannun Ma'azu ya ce, “Ɗana, wannan hannun naka ya fi ƙarfin ɗaurin buhu. Zo ka ji irin namu, jaz ake ce masa.”

Ma'azu ya je don kunyar tsoho, ya dawo bai san inda kansa yake ba. Mutum uku ne kawai: Arwa, Bamisriya mai fiyano, ita ce shugaba, Tarig mai wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗa igiyoyinsa da yatsu, sai Baba Munzir. Babu mawaƙi, babu wanda ake wasawa, amma kiɗan na tafiya kamar hirar mutanen da suka daɗe da sanin juna. Da ya saka kalangunsa a ciki ya ji ya zauna daram. A ƙaramar bas ɗin komawa gida har ya wuce mararrabarsu bai lura ba. Tun mutuwar maigidansa bai so wani abu kamar yadda ya so zama cikin mutanen nan ba.

Sai dai akwai matsala, kuma ba ƙarama ba. A jaz kowa na da lokacinsa: sauran su ja baya, su bar mutum ɗaya ya faɗi abin da ke ransa da kayan kiɗansa. Duk sanda aka zo kan Ma'azu, Arwa ta ɗauke hannu ta gyaɗa masa kai, sai shi ma ya ɗauke nasa cikin ladabi, ya tsaya yana jira. Su suna jiransa, shi yana jiransu, ɗaki ya yi tsit kamar an yi mutuwa. An yi masa bayani da Larabci, an yi da Hausa, Tarig har ya gwada da guntun Faransancinsa. Ma'azu ya ce ya gane, kuma ya gane ɗin, hannun ne dai bai yarda ba.

Ana saura kwana kaɗan wasan da za su yi a gaban jama'a, Arwa ta rufe fiyano ta yi magana a hankali, Baba Munzir ya fassara. “Ta ce ma'alish, wato ka yi haƙuri, tana son kiɗanka ƙwarai. Amma in ka tsaya mata a gaban jama'a ranar Juma'a, khalas, shi ke nan, za ta dawo da mai gangar tabla da take aiki da shi da.”

Da suka fito Ma'azu ya ce, “Baba, wa zan kaɗa wa? Ba mai waƙa, ba mai kirari. In tsaya ni kaɗai ina dukan fata kamar mahaukaci?”

“Ya zol, ni ma ban san abin da zan busa ba sai ƙaho ya shiga bakina,” in ji tsohon, yana kiransa yadda 'yan Sudan ke kiran mutum. “Kai dai kada ka bar wurin ba kowa.”

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi wasan, a wani lambu da ke bakin Nilu a Zamalek. Mutane sun cika kujeru, wasu na zaune a ciyawa, jiragen ruwa masu filafilai na wucewa a bayansu. Ma'azu ya sa babbar rigarsa ta shadda, gumi ya riga ya jiƙa ta tun ba a fara ba.

Da aka zo kan Baba Munzir, Ma'azu ya kusa manta tsoronsa. Tsohon da ke hawa bene yana hutawa a kowane hawa, shi ne ya rufe ido ya ja wata murya daga can ƙasa, ya hau da ita a hankali, ya karya ta, ya sake ɗinke ta, har wata mata a gaba ta dafe ƙirji. Ma'azu ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Bai taɓa sanin mutum na iya yin kuka da godiya a numfashi ɗaya ba, kuma ba kalma ko guda.

Tafi bai gama lafawa ba Arwa ta ɗauke hannu. Tarig ya dafe igiyoyinsa. Ta gyaɗa wa Ma'azu kai.

Hannunsa ya tsaya, kamar kullum. Ya ji ƙarar injin wani jirgi, ya ji cokali na taɓa kofi a can baya. Ya ga fuskar Arwa ta fara sauyawa. Tsoro ya sa ya matse kalangu a hammata, tsarkiya ta ɗaure, gula ta faɗa kan fata ba da niyyarsa ba. Tunda an riga an ji shi, sai ya kaɗa abu ɗaya da ya taɓa kaɗawa shi kaɗai a rayuwarsa: ɗan gajeren taken da ake kiran mawaƙi da shi ya shigo fili. Ya kaɗa, ya sake, ya san babu mai shigowa, idonsa ya cika da ƙwalla.

Sai ƙaho ya amsa daga gefensa, ƙasa-ƙasa, daidai yadda ya kaɗa.

Ma'azu ya lanƙwasa taken, ƙaho ya lanƙwasa. Ya sassauta hammata kalangu ya yi gurnani, gogen Tarig ya bi shi can ƙasa. Ya yanke a tsakiya ya yi tsalle zuwa kiɗan noma na garinsu, fiyano ya kama shi kafin ya sauka. Duk inda ya sa ƙafa suna bayansa. A nan ya gane abin da ke faruwa: amshi suke yi masa. Tsohon nan mai furfura, da Arwa da ta yi karatun kiɗa a manyan makarantu, su ne 'yan amshinsa. Ya saki hannu. Ya kaɗa abubuwan da bai san suna cikinsa ba, wasu na maigidansa, wasu ba na kowa ba, har mutanen ciyawa suka miƙe tsaye.

Da hannunsa ya fara yin nauyi sai ya waiga wajen Arwa yana jiran ta tsayar da kiɗa su huta. Ba ta kallon fiyano. Gularsa take kallo, haka Tarig, haka Baba Munzir ta saman ƙahonsa da kumatu a kumbure. Babu wanda zai tsaya sai shi ya tsaya.

Ma'azu ya ɗaga gula sama a hankali, yana jin tsoron abin da zai yi, ya sauke ta sau ɗaya da ƙarfi, ya dafe fata da tafin hannu. Fiyano da goge da ƙaho suka ɗauke tare da shi. Lambun gaba ɗaya ya yi tsit, kuma shi ne ya sa.