Sifana Mai Tsani

Bakanike ya ɗaga akwatin kayan aikin Dogo ya kife shi a tsakar gareji. Filaya, sukudireba da guntayen waya suka watse a ƙasar da baƙin mai ya daɗe da cinyewa. Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa, mai fenti ya zare ƙyallen da ya rufe hanci, duk suka tsaya baki buɗe.

"Yaya, lafiya?" in ji Dogo. Shi ne mai wayarin, wato gyaran wutar mota, a garejin, rumfarsa manne da ta Bakanike, kuma shi ke auren ƙanwarsa.

"Sifanata nake nema, mai lamba sha huɗu. Jiya da la'asar tana hannuna."

"Shi ne za ta kwana a akwatina?"

"Ai yanzu za mu gani."

Tun farkon shekara kayan aikin Bakanike ke yin ƙafa. Yau filaya, gobe sifana. Ya shafa musu jan fenti, fentin ya goge. Ya naɗa musu salatif, mai ya saɓule shi. Kullum cikin mita yake, har matarsa ta ce masa mutumin da ya taɓa saka makullin gida a firji bai kamata ya yi saurin kiran wani ɓarawo ba. Bai yi dariya ba.

Dogo ne ya gaji da mitar, ya haɗa masa alƙalamin lantarki. Ya samo tsohuwar cajar batir, ya fere baƙin sandan da ke cikin batirin tocila ya cusa a bututun biro, ya ɗaura masa waya. A maƙala ɗaya wayar a jikin sifana, a ɗora bakin alƙalamin, sai ya yi tartsatsi yana cin ƙarfen, ya bar zanen da ko da yashi aka goge ba zai fita ba. "Ga shi nan, Yaya," in ji shi. "Ka zana, kunnuwanmu su huta." Bakanike ya yini guda yana zana ɗan tsani a jikin kowane ƙarfe da ya mallaka, yana murna kamar yaron da aka saya wa keke. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, wanda ya haɗa alƙalamin shi yake zargi.

Yanzu ga shi yana tona kayan mijin ƙanwarsa da ƙafa a gaban jama'a, babu tsani ko ɗaya a ciki.

Ana cikin haka direban motar 'yan makaranta ya faɗo garejin a ƙafa, rigarsa jiƙe da gumi, goshinsa ya kumbura. Bai yi sallama ba. Kai tsaye ya nufi Dogo ya ci kwalarsa.

"Kashe ni za ka yi? Ni da 'ya'yan mutane?"

Aka taru aka ɓanɓare shi. Da kyar maganarsa ke fita. Ya ce yana gangarowa mararraba da yara cike da mota, ya taka birki, birki ya ƙi sauka. Ya sake takawa da dukkan ƙarfinsa, kamar ya taka dutse. Ga tirela tana ratsawa a gabansa. Ya fizgi birkin hannu, ya karya sitiyari, motar ta faɗa lambatu.

"Innalillahi!" in ji mai faci. "Yaran fa?"

"Allah ya tsare. Malamarsu ta kai su asibiti a duba su." Ya juya ga Bakanike, muryarsa ta yi ƙasa. "Baba, har da jikarka. Leɓenta ya fashe, amma tana magana."

Bakanike ya ja da baya. Ya dafa teburin aiki.

Direba ya zaro wani abu daga aljihu ya ɗaga sama. "Ga abin da na ciro a ƙarƙashin abin taka birkin. Ya gangaro ya tokare shi. Jiya wa ya shiga ƙarƙashin sitiyarin nan gyaran fitilar birki in ba kai ba, Dogo?"

Dogo ya karɓi sifanar ya juya ta. Ya ɗan tsaya. Sai ya dunƙule hannunsa a kan tsakiyarta.

Amma mai fenti ya riga ya gani. "Kai! Tsani ne a jiki! Ita ce sha huɗun da ake nema!"

Garejin ya ɗauki hayaniya. Lissafin ya zo wa kowa da sauƙi: Dogo ya ɗauke sifanar yayan matarsa, ya yi aiki da ita, ya manta ta a mota. Ashe tsohon yana da gaskiya. Wani har cewa ya yi, dama shi ya daɗe yana lura da take-taken Dogo, alhali jiya tare suka ci abinci a kwano ɗaya.

Bakanike bai ji rabin abin da ake faɗa ba. Ganin sifanar ya buɗe masa wata ƙofa a ka, wadda bai ma san tana rufe ba. Jiya da la'asar, bayan Dogo ya gama ya tafi sayen kwan fitila, direba kuma ya je shan shayi, shi Bakanike ya leƙa motar. Ya taɓa birkin ya ji yana ɗan lilo. Ya ce a ransa, motar da jikata ke shiga ba za ta fita haka ba. Ya kwanta rigingine, ya ɗaure notin tam. Daga nan wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya gan shi. Shi kansa sai yanzu ya tuna, kuma wannan ya fi komai firgita shi.

Ya dubi Dogo. Dogo na kallonsa, ya girgiza masa kai kaɗan, irin na kada ka ce komai.

"Ni ne," in ji Dogo. "Aronta na yi ban faɗa ba. Ku yi haƙuri."

Direba ya sake zabura, aka riƙe shi. Mai faci ya ce daga yau ko keken ɗansa ba zai bari Dogo ya taɓa ba. Bakanike ya san abin da ke tafe: kafin azahar labari ya zaga duk tashoshi, rumfar Dogo ta mutu, ƙanwarsa ta ji a bakin maƙwabta. Shi kuma abin da ake bukata daga gare shi kawai ya yi shiru.

"Ƙarya yake yi," in ji shi.

Ba a ji ba. Ya buga tebur har ƙusoshi suka yi tsalle.

"Na ce ƙarya yake yi! Bai taɓa aron ko allura a wurina ba. Ni na shiga ƙarƙashin motar nan bayan ya tafi. Ni na bar ta."

Direba ya saki baki yana kallonsa. "Baba... kai?"

"Yaya, don Allah," in ji Dogo.

"Buɗe hannunka."

Dogo ya buɗe. Ɗan tsanin na nan, a karkace, yadda hannun mai shi ya yi rawa ranar da ya zana shi.

Bakanike ya durƙusa ya fara tsince kayan da ya watsar, yana goge kowanne da gefen rigarsa kafin ya mayar cikin akwatin. Dogo ya durƙusa kusa da shi. Babu wanda ya taya su, kunya ta hana kowa matsowa. Ya ɗauki wata sifana mai lamba sha biyu zai saka, sai hannunsa ya tsaya a sama. Tasa sha biyun ma ta ɓata a makon nan, tun ranar Litinin bai gan ta ba. Da filaya mai dogon baki. Da wasu da yawa tun kafin a yi alƙalamin, waɗanda ba su da tsanin da zai dawo da su.

Ya kamo hannun rigar mijin ƙanwarsa.

"Dogo, ranar Litinin motar wa na gyara?"