Jirgi Ba Shi da Burki

Duk rayuwata a kan sitiyarin babbar mota na yi ta, sai ga shi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauke ni ba sallama. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun hagu ya ce shi sai an lallaɓa shi. Daga nan gidana ya zama gidan "kawo in riƙe maka". In na ɗauki buta, matata ta karɓe. In na kama maɓallin riga, 'yata ta riga ni. Don ƙauna suke yi, na sani, amma na fara yarda cewa hannun nan ya gama aiki, ni ma na gama tare da shi.

Mijin 'yata mai gyaran firji ne. A bayan idonsa Mai Firji nake ce masa, don da farko ban ga abin da ta gani a jikinsa ba. Mutum da gemunsa, amma duk ranar hutu sai ya kwashi ƙananan jiragen sama na soso ya tafi filin bayan tsohuwar masaƙa yana wasa da su kamar wanda bai da iyali.

Wata safiya ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, da za ka raka ni fili yau? Iska ta yi kyau."

Na ce, "Ni ka ga na yi kama da mai wasan yara?"

"A'a, Baba. Direba nake nema. Ni ban iya shan kwana ba."

Ƙarya yake yi, amma ƙaryar ta yi mini daɗi, sai na sa takalmi.

A filin ya miƙo mini rimot mai 'yan sanduna biyu. Ta dama ita ce sitiyari, ta hagu ita ce totur. Wato dai abin da ke ba jirgin wuta ya faɗo a kan lalataccen hannuna. Ya haɗa rimot ɗina da nasa da wata doguwar waya, ya ce in abu ya rikice zai danna maɓalli ya karɓi tuƙin. Na ce a raina, to, ga wani "kawo in riƙe maka" ɗin, wannan har da waya.

Haka muka yi ta zuwa duk ranar hutu. Shi zai tayar da jirgin, in ya yi sama ya sakar mini. Babban yatsana na hagu yana rawa, injin yana kuka yana shiru kamar mai shaƙuwa. In jirgin ya juyo yana fuskantata kuwa, dama ta koma hagu, sai in karkace jikina gaba ɗaya kamar ina cikinsa. Shi dai ba ya dariya, sai ya sunkuyar da kai yana tari.

Abu ɗaya yake ta maimaita mini. "Baba, jirgi ba shi da burki. In ka tsorata kada ka rage wuta. Gudun nan shi ke riƙe da shi a sama."

Ina jinsa. Amma wanda ya tsufa a kan titi ya san abu guda: ka ga haɗari, ɗaga ƙafa daga totur.

Ran nan iska ta kwashi jirgin ta nufi katangar masaƙar da shi. Kafin in yi tunani yatsana ya ja totur ƙasa gaba ɗaya. Injin ya mutu. Jirgin ya ɗan tsaya cak, ya sunkuyar da hanci, ya taho. Na jira a karɓa. Ba a karɓa ba. Ya daki ƙasa, fiffiken hagu ya karye, farfela ta yi nata wuri.

Na juyo a fusace. "Kai! Ina maɓallin naka?"

Idonsa na ƙasa ya ce, "Yana nan, Baba."

"To me ya hana ka?"

"Na ga in na ci gaba da karɓa, bakina kawai za ka riƙa ji. Yanzu hannunka ne ya ji."

Jirginsa ne fa, wanda ya fi so. Muka tsince ɓaraguzan muka wuce shagonsa.

Ya ture wani kwamfireson firji gefe, ya share teburin, ya ajiye gam da salatif da siririn tsinken gora. Ya nuna mini yadda ake soka tsinken a cikin soson ya zame wa fiffiken ƙashi, a shafa gam kaɗan, a haɗa bakin karayar a danne har ya kama.

"Da hannu biyu ake dannewa, Baba," in ji shi. Sai ya ce wai ana kiransa a waje. Ni ban ji wani kira ba.

Na danne. Hannun hagun ya yi rawa, ya yi tsami har kafaɗa, gumi ya sauko mini a wuya. Na zage shi, na lallashe shi. Ban saki ba. Da gam ya kama na ɗaga jirgin na duba: fiffiken ya zauna daram, sai dai ya ɗan karkace. Nan na zauna tsakanin matattun firji hawaye yana zubo mini, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Har yau ban san yadda ake gode wa mutum don ya bar ka ka yi ɓarna ba, amma ina gode masa, Allah ya sani.

Da ya sa sabuwar farfela muka koma fili, na cire wayar da kaina na miƙa masa. Jirgin ya tashi yana ta jan hagu.

Ya ce, "Baba, in mun koma sai in ɓalle fiffiken in daidaita maka."

Na ƙara wuta da yatsan hagu, na ce, "Bar shi haka, ɗana. Na san yadda ake tafiya da irinsa."