Bututun Motar Purdum

"Ɗaga shi sama, Tor Gul. So nake bakinsa ya wuce rufin mota."

Purdum ne ke ba ni umarni daga kan gadon igiya da muka fito masa da shi tsakar fili. Tsayuwa ta gagare shi, amma bakin nan nasa bai gaji ba. Ni kuwa ina kan tsani da ƙarfen walda, ina riƙe da bututu mai kaurin cinyata, sanyi na cin yatsuna.

"Lala, mota kake gyarawa ko hasumiyar masallaci?" na ce. Lala nake kiransa, wato yaya a harshenmu.

Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a garin Dir. Shi mutumin Chitral ne, can bayan dutsen Lawari, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar farin dutse da tsohuwar babbar motarsa, har ƙurar ta cinye masa huhu. Da likita ya sallame shi a lokacin kaka, abu ɗaya ya sa a gaba: ya haye dutsen kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ya mutu a ƙauyensu. Wanda duk rufewar ta riske shi a nan, sai bazara.

Na ce masa ya hau ƙaramar mota ya tafi. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"In shiga gida hannu rabbana da hunturu? Garin alkama da gishiri da ganyen shayi na gida bakwai ne a bayan motar nan. Kuma ita za ta ci da Gulandam bayan raina."

Gulandam matarsa ce, ba su taɓa haihuwa ba.

Mun riga mun gwada hawa sau ɗaya. Tun kafin rabin dutse motar ta yi ta aman baƙin hayaƙi, ta tsaya cik, muka juyo. Purdum ya ce ba laifin inji ba ne. Iskar sama ba ta da kauri, ga shi motar iska mai zafi take zuƙa daga cikin bonet. A cire matatar iskar daga nan, a ja mata bututu waje ta sha mai sanyi. Aikin da na zaci na yini ɗaya ne ya cinye mako, don sai da aka aiko da roba daga wani gari. Kullum na ɗaga kai sai in ga farin da ke kan dutsen ya ƙara saukowa, raina ya ɓaci, in huce a kan guduma.

"Juya bakin ya kalli gaba," in ji shi.

"Ƙanƙara za ta shiga."

"In ta fara zuba, ni da motar duk mun makara. Juya."

Na juya.

Da safe muka tashi, ni ke tuƙi. Muka jingine Purdum a tsakiya da bargo, Gulandam na gefen ƙofa ta ja mayafi. Wallahi motar nan ta canza. Inda ta tsaya mana rannan, wucewa ta yi da giya biyu, hayaƙin ya yi fari-fari. Purdum ya daki gwiwata.

"Ka ji ta? Amarya."

Muna ƙara hawa, numfashinsa na ƙara gajarta. Leɓensa ya yi shuɗi. Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma na tabbata shi ya sani, ɓoye mana kawai ya yi. Iskar da ta gagari motar, shi ma ta gagare shi, shi kuwa ba inda zan ja masa bututu.

"Ɗan'uwa, mu koma," Gulandam ta ce, ba ta dube ni ba.

Purdum ya damƙe hannun rigata, ya nuna gaba da haɓa. Na rasa wa zan bi. Na ci gaba, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Dutsen ne ya raba gardama. Muna shan wata kwana muka tarar da motoci a jere, direbobi sun sauko sun dunƙule cikin barguna. Wani dattijo ya leƙo ta taga.

"Ƙanƙara ta zubo daga sama ta binne hanya. An rufe, sai bazara." Ya ga Purdum, ya rage murya. "Ku saukar da shi, don Allah."

Purdum ya daɗe yana kallon farin da ke gabanmu. Ƙauyensu na bayan wannan tudun, tafiyar da ba ta kai wuni ba.

"Amma ta hau," ya ce a hankali.

"Ta hau, Lala."

Bai kai Juma'a ba. Ya rasu da hantsi a ɗakinsa, takalmansa na ƙafarsa, don ya hana a cire.

Amana muka binne shi, kamar yadda ake yi wa baƙon da hanya ta tsare. Kafinta ya haɗa akwati, muka saka shi, liman ya tsaya bakin kabari ya ce wa ƙasa ta riƙe mana wannan bawan Allah zuwa bazara, za mu dawo mu karɓa. Ba mu kafa dutse ba, sanda muka soka. Wannan ne abin da ya fi tsoro, kuma da hannuna na zuba masa ƙasar.

Matata ta yi ta fama da Gulandam a sauke kayan motar, ta ƙi. Ko ƙunshin tufafinta ba ta kwance ba.

Kowace safiya nakan leƙa in tayar da injin don kada sanyi ya kashe shi. Ranar da ƙanƙara ta fara zuba a cikin gari, na fito da tsumma zan toshe bakin bututun, sai na tarar an riga ni. Tsanina na jingine a jikin motar, ga sawun ƙananan ƙafafun Gulandam a ƙasa. Can sama, an kifa hular ulun Purdum a bakin bututun, an ɗaure ta da zare, ƙanƙara na taruwa a kanta.