Faranti Biyu na Don Fulgencio

A asibitin masu tsinkar inabi da ke bayan garin Fresno, aikin Herminia ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da aka furta a ɗakin likita sai ta juya shi daga Sifaniyanci zuwa Turanci, ba ragi ba ƙari. Ta sha baƙin jini a kan wannan aikin tafinta nata, har ta saba.

Ranar Talata aka kira Don Fulgencio, kamar dai a ce Malam Fulgencio. Tsohon ya shigo riƙe da malafarsa, wando na neman zamewa daga ƙugunsa. Wata huɗu ke nan da rasuwar matarsa Eulalia. Herminia ta sani, don layinsu ɗaya, amma aikinta bai ba ta damar faɗa ba.

Likitar, wata baturiya mai gaggawa, ta tambayi abin da ke damunsa.

"Abatido," in ji shi.

Herminia ta ba ta Turancin kalmar: wanda gajiya ta kayar, ko wanda zuciyarsa ta karaya. Likita ta ce wanne ciki?

Tsohon ya ce, "Gajiya mana! Shekara arba'in a gona, ai dole."

Herminia ta juya maganar, ranta na suya. Tana gani likita ta fara rubuta maganin ƙarin jini, za a sallame shi ya koma gidan da ba kowa.

Sai tsohon ya karkato wajen Herminia, ya yi ƙasa da murya. "'Yar nan, wannan tsakaninmu ne. Har yau faranti biyu nake jerawa. Da na kalli nata, sai nawa ya gagare ni. Gari ya waye ma ban ga amfanin tashi ba."

In Herminia ta faɗa, ta ci amanar dattijo. In ta yi shiru, haka zai yi ta lalacewa. Ta sunkuyar da kai ta juya maganar kaf, har da "wannan tsakaninmu ne".

Likita ta ajiye biro ta jawo kujera kusa da shi. Sun fi rabin awa suna magana.

Da aka fito, Herminia ta bi shi har bakin ƙofa, kunya kamar ta nutse. "Don Fulgencio, a gafarce ni. Aikin ne ya zo da haka."

"Ke dai bakinki ba ya riƙe komai," in ji shi, yana gyara zaman malafa. Sai ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. "Shekara tara ina kawo Eulalia ɗakin nan, kina zaton ban san ƙa'idarki ba? Ni ne dai ba zan iya faɗa wa baƙuwa da bakina ba."