Hannun Kirit a Kan Madannai

Shekara goma sha ɗaya Hasmukh Kotecha yana cinikin zaɓi, wato saye da sayar da takardun damar mallakar hannun jari kafin wani wa'adi ya cika, a wani ɗan ofis a hawa na uku a birnin Rajkot, kuma bai taɓa danna oda da yatsansa ba. Nasa aikin shi ne ya zuba wa allon farashi ido, in abu ya kai inda yake so ya ɗaga murya. Kirit, ƙanen matarsa, shi ke teburin gefe yana shigar da odar wurin dillali. Hasmukh kan yi alfahari cewa kafin ya rufe baki yaron nan ya gama dannawa. Yaron da ake faɗa kuwa ya haura arba'in, har da furfura.

To, makonni uku ke nan abu ya ƙi daɗi. Hasmukh zai ga zaɓi a rupi tamanin da huɗu, ya ce, “Saya, a farashin kasuwa!” Takardar dillali ta fito, tamanin da bakwai. In ya ce a sayar, sai a sayar masa ƙasa da abin da idonsa ya gani. Sau ɗaya tsautsayi ne, sau biyu ma a yi haƙuri, amma kullum?

Ya kai kukansa wurin mai shayi a ƙasan bene, inda Jaysukh, wani tsohon ɗan kasuwar da ya daina ciniki bai daina surutu ba, yake zama da farantin ganthiya, wani irin cincin mai gishiri.

“Hasmukh-bhai, kai ma dai,” in ji Jaysukh yana tauna, ya laƙa masa bhai, wato ɗan'uwa. “Mai danna maka oda yana da waya?”

“Wa ba shi da waya?”

“To shi ke nan. Ya ji ka ce saya, ya fara saya wa kansa a waya, sannan ya danna taka. Naka kuɗin ya tura farashi sama, shi ya sayar ya ci. A birnin Surat an yi wa wani haka shekara biyu, kuma ɗan cikinsa ne ya yi masa.”

Hasmukh ya hau bene da wannan magana a ciki kamar ya haɗiyi ƙashin kifi. Daga ranar ya daina kallon allo sosai, ya koma kallon hannun Kirit. Me ya sa wayar take kife a kan cinyarsa? Yaushe ya sauya babur? Ranar Litinin, da Kirit ya shiga bayi, har ɗaga wayar ya yi ya jujjuya, ya tarar da ita a kulle, kulluwar ma ta zama masa hujja. Abin yana cin sa, don yana son Kirit, kuma ya san in wannan ta fashe, Hetal matarsa ba za ta ƙara kallonsa da idon da take kallonsa a da ba.

Ana cikin haka Kirit, da ya saba kiransa Jijaji, wato mijin yaya, ya ce, “Jijaji, ina ganin allon nan naka yana makara. Tun da ka sauya masu kawo farashi lambobinmu ba sa haɗuwa.”

Gaskiya ne ya sauya. Wani matashi mai ƙyallin takalmi ya zo masa da kamfanin da ke ba da farashi a rabin kuɗin na da, Hasmukh ya sa hannu bai shawarci kowa ba, ya yi kwana uku yana yabon wayon kansa. Amma yanzu da ya ji maganar daga bakin Kirit, sai ya ce a ransa, lallai, ga shi har ya tanadi wanda zai ɗora wa laifi. Ya ce masa, “Kai dai danna abin da aka ce ka danna.”

Alhamis ta zo, ranar da wa'adin zaɓuɓɓuka ke cika, ranar da farashi ke tsalle kamar mai a kasko. Ƙarfe biyu da rabi Hasmukh ya ga arba'in da ɗaya, ya yi ihu a saya, aka ba shi a arba'in da shida. Ya miƙe har kujera ta faɗi.

“Ba ni wayar nan! Buɗe ta, in ga asusun da kake ci da gumina!”

Kirit ya dube shi, ya buɗe wayar, ya nuna masa babu wani asusu sai manhajar dillalinsu, sannan ya jingina ta a jikin allon Hasmukh.

“Kalli nan, Jijaji, ka kalli can.”

Waya ta nuna arba'in da takwas. Allo yana arba'in da shida. Hasmukh ya ƙirga a ransa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan allon ya ja jiki ya iso arba'in da takwas, lokacin wayar ta riga ta wuce. Ashe makonni uku yana ciniki da farashin da ya riga ya mutu. Kunya ta rufe shi.

“Kirit, ai ka san kasuwa tana sa mutum...”

“Na sani. Na ga lokacin da ka ɗaga wayar ranar Litinin, ƙofar bayin ba ta rufuwa sosai. Ban faɗa wa yayata Hetal ba, ba kuma zan faɗa ba.”

Ya koma kujerarsa ya rufe musu cinikin ranar tsaf, wannan karon yana tsayar da farashi da kansa. A yammacin nan Hasmukh ya kira tsohon kamfanin, ya biya cikakken kuɗi ba ko tayi, ya sayo kwalin alewar madara mai tsada ya ajiye a teburin gefe.

Washegari ƙarfe tara saura kwata Kirit ya shigo. Ya matsar da kwalin gefe bai buɗe ba. Ya zaro wayarsa, ya cire mata kulle, ya tako ya ajiye ta a gaban Hasmukh, fuskarta sama. Sannan ya zauna, ya ɗora hannayensa biyu a kan tebur inda za a riƙa ganinsu.

“Haba Kirit, ɗauke abin nan mana.”

“A bar ta nan, Hasmukh-sheth,” in ji shi, yau babu Jijaji, sai sheth, wato mai gida, da irin ladabin da ma'aikaci ke yi wa ubangidansa. “Me za a saya yau?”