Wuyan Khairat

Wasila na cire wa 'yarta Khairat rigar lekol, wato makaranta, sai yadin ya manne a wuya. Yarinyar ta ƙwalla ƙara. Fatar ta saɓule, jajawur, tana tsatstsafo da ruwa, ga wari kamar ruɓaɓɓen lemo da aka fesa wa turare.

"Me ya ƙona ki?"

"Ba ƙuna ba ce, Umma. Man Mama Delu ne. Kullum takan shafa mana, ni da Sadiyyarta. Wai mu yi haske kafin bikin Anti Rabi."

Shekarar Khairat bakwai. Wata biyar ke nan daga lekol gidan Hajiya Delu, aminiyar Wasila, take wucewa, a unguwar Gardolé, har Wasila ta rufe rumfar gwanjonta a kasuwar Dembé. Hasken da Wasila take gani a jikin yarinyar, ta ɗauka zaman inuwa ne.

Zubair, mijinta, ya dubi wuyan ya kau da kai. "Bi a hankali. Kakana da kakan mijin Delu ayari ɗaya suka shigo garin nan. Kabarinsu ma jere yake."

"To kai musu wuyan 'yarka su gani."

Ta ja yarinyar suka hau babur. Suka tarar da Delu a tabarma, fuska kamar gwanda, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.

"Lale da aminiya! Au, wannan? Tsohuwar fata ce ke tafiya. Don na ɗauke ta 'ya ne, ba 'yar kowa nake ɓata wa maina ba. Anko ɗaya, a ga guda kamar bayan tukunya?"

Wasila ta dubi hannun Delu. Shekara ashirin tana sa hannu kwano ɗaya da waɗannan yatsun. Ta juya ba sallama.

A ƙofar gida Khairat ta ja mayafinta. "Umma, in an daina zan koma mummuna?"

Wasila ta durƙusa, ta nuna tata baƙar fuskar. "Ni mummuna ce?"

Yarinyar ta daɗe tana kallonta. "Mama Delu ta ce ke kin makara."

Wasila ta tsayar da mai babur. "Asibiti," ta ce. Tafe suke tana tunanin wace dilar gwanjo za ta matsar gobe a rumfa, a sama wa Khairat wurin zama.