Ramin Sama da Ramin Ƙasa

Da Rufaida ta danna maɓalli da safen nan, ordinater ɗin koperatif, wato kwamfutarsu, ya yi tarin da ya saba, fankarsa ta hau kuka kamar injin niƙa, koriyar fitila ta kama. Amma ekaran, gilashin da rubutu ke fitowa a kai, ya tsaya baƙi ƙirin. Ta kashe, ta kunna. Baƙi.

Sati uku ke nan da aka ɗauke ta sakatariya a koperatif ɗin manoman gero na wani ƙauye kusa da Tchaké, kuma ɗaukar gwaji ce. A cikin injin nan sunayen matan da za a ba iri suke, ga motar masu rabo tana tafe bayan azahar.

Ordinater ɗin ya girmi wasu amaren garin. Wasu baƙi suka bar shi shekara goma sha biyar da suka wuce, tun daga nan kuma ya zama ɗan kwamiti. Duk ranar taro sai a kwance shi, a ɗauko shi a ka har ƙarƙashin rumfa, a aza shi bisa tabur kusa da perzidan, shugaban koperatif, a yafa masa ƙyalle mai aiki. Ba a kunna shi, don babu kuran, wato wutar lantarki, a rumfar. Zama kawai yake, ana ɗaukarsa hoto. Jiya ma ya halarci taro.

Perzidan, Alhaji Cha'ibu, ya shigo yana gyara babbar riga. Ya dubi ekaran, ya dubi Rufaida.

"Mi kika taɓa?"

"Maɓalli kawai, Baba Alhaji."

"Shekara sha biyar yana nan lafiya lau, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Ke da digirinki sati ukku kin gama da shi! Matsa. In motar nan ta iso babu takarda, ki aje makulli bisa tabur."

Ya aika Hamani mai gadi ya kira Mutari, mai gyaran salula a kasuwa, wanda kuma ɗan ƙanen Alhaji ne, kuma shi Alhaji ya so a ba kujerar sakatariya tun farko. Mutari ya iso a moto da baƙin gilashi da sukudireba ɗaya. Ya mari ekaran ta dama. Ya mare shi ta hagu don kada a ce ya yi son kai. Ya buɗe akwatin, ya zaro wani siririn koren abu, ya hura masa iska, ya goga shi a gwiwar wando, ya mayar.

"Problem ɗin babba ne, Baffa," in ji shi. "Kart mer ta ƙone. Hannun da bai iya ba ne ya taɓa shi. Sai Maradi."

Alhaji ya gyaɗa kai, ko da yake bai san wace ce kart mer ba, balle ya yi mata ta'aziyya.

Rufaida tana tsaye a jikin bango, inda aka kore ta, kuma daga nan bayan akwatin take gani. Ramuka biyu shuɗɗa ne a wurin, iri ɗaya, ɗaya can sama, ɗaya ƙasa kusa da gindi. Na saman ya daɗe da mutuwa, tun ranarta ta farko ta gane haka. Wayar ekaran kullum a na ƙasa take. Yau tana sama, an murɗe mata kusoshi tamau da hannun wanda ya yarda da kansa.

Ta juya wajen Hamani. Ita da ko gaisuwa sai an ce ta ƙara murya.

"Baba Hamani," ta ce a hankali, "jiya wa ya maida wayoyi bayan taro?"

"Alhaji da kanshi!" in ji Hamani yana washe baki, don a ganinsa yabo ne. "Ni na so in sa ta ƙasa inda na ciro ta, ya ce a'a. Ya ce ita ce babbar waya, mai kai biyu da kusoshi, ba ta zama ƙasa ƙananan wayoyi na bisanta. Ko ba haka ba, Alhaji?"



Rufaida ba ta dubi kowa ba. Ta durƙusa, ta kashe injin, ta kwance kusoshin da ƙyar, ta sauke babbar waya daga muƙaminta, ta cusa ta a ramin ƙasa. Ta kunna. Injin ya yi tari, ya yi tunani, sai farin rubutu ya fara gudu a kan ekaran.

"Kart mer ta tashi!" in ji Hamani.

Mutari ya ce dama hurawar da ya yi ba ta kamawa nan take. Ya tuna kuma ya bar shago a buɗe.

Alhaji ya daɗe yana kallon ekaran, yana shafa gemu.

"To, madalla," ya ce. "Dama gwada ki nike. Sakatariyar da ba a gwada ba ai ba sakatariya ba ce. Riƙe makullinki."

"Na gode, Baba Alhaji."

Takardun sun fito kafin kiran azahar. Da biro, wato ofishin koperatif, ya watse, Rufaida ta ciro jan farce daga jakarta, ta zagaye ramin ƙasa da shi. Na saman kuwa ta toshe shi da ɓawon gyaɗa, don ranar Laraba akwai wani taron, kuma an riga an wanke ƙyallen.